Idan uwar garke ta mutu, wa zai kunna fitila? Bayani kan makunnan gida marasa waya

A tsakiyar watan Afrilun 2022, masu amfani da kayan kamfanin Insteon na jihar Kalifoniya ta Amurka suka wayi gari manhajar da ke cikin wayoyinsu ta daina amsawa. Kamfanin ya kashe manyan kwamfutocinsa ba sanarwa ba sallama. Wanda ya saba kunna fitilar ƙofar gida daga wurin aiki ya kasa, wanda ya saba ba da umarni da baki ya yi magana ba a ji shi ba. Amma makunnan bango da aka riga aka haɗa su kai tsaye da fitilunsu ba su san an yi ba. Aka danna, wuta ta kama, kamar jiya, domin bayanin wane makunni ne ke da wace fitila yana ajiye a cikin na'urorin kansu, ba a kwamfutar kamfani ba. Sai a watan Yunin wannan shekara wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa ƙarfi suka sayi kamfanin, suka sake tayar da kwamfutocin.

Bambancin da ke tsakanin abin da ya mutu a ranar da abin da ya rayu shi ne ginshiƙin wannan fanni: tsarin sarrafa fitilun gida ta igiyar rediyo wanda ba ya tsayawa don kwamfutar da ke jagorantarsa ta tsaya.

Mece ce uwar garke

Uwar garke, wadda masu harkar kwamfuta ke kira saba, ita ce kwamfutar da sauran na'urori ke kai wa rahoto suna karɓar umarni daga gare ta. A gidan da aka saka fitilun zamani, ita ce ke riƙe da ƙa'idoji irin su "idan rana ta faɗi a kunna fitilar tsakar gida" ko "idan an buɗe ƙofa bayan sha biyun dare a haska zaure". Iri biyu ce. Akwai ta kamfani, wadda ke wata ƙasa mai nisa, ba a isa gare ta sai ta intanet. Akwai kuma ta gida, ƙaramin akwati ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da mutum ke ajiyewa a ɗakinsa. Sananniyar manhajar da ake ɗora wa irin wannan ita ce Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ɗan ƙasar Holan ya fara a 2013, kuma kowa na da ikon duba rubutunta da gyara shi.

Ta gida ta fi ta kamfani aminci, amma ita ma ba ta fi ƙarfin mutuwa ba. Katin ajiyarta yakan lalace, sabunta manhaja yakan zo da matsala, cajarta takan ƙone. Ranar da haka ta faru, sau da yawa wanda ya haɗa tsarin ba ya gida, sai iyali su zauna cikin duhu alhali akwai wuta.

Hanyoyi uku daga yatsa zuwa fitila

Duk lokacin da aka danna makunni marar waya, saƙo yana bin ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce mafi tsawo. Saƙon ya tashi daga makunni ko manhaja zuwa na'urar rarraba intanet ta gida, ya bi ta kamfanin sadarwa, ya tsallaka teku zuwa uwar garken kamfani, sannan ya juyo ta wannan hanya zuwa ƙwan fitilar da ke taku uku daga inda mutum yake tsaye. Yawancin ƙwayaye da soket masu araha da ke aiki da Wi-Fi wannan hanya aka tsara musu, kuma da dama daga cikinsu, ko da sunayensu sun bambanta a kwali, suna dogara ne da kamfanin Tuya na birnin Hangzhou a ƙasar Sin.

Hanya ta biyu ba ta fita daga gida. Makunni ya gaya wa uwar garken gida an danna shi, ita kuma ta duba ƙa'idojinta ta umarci fitila. Ba a buƙatar intanet, amma ana buƙatar akwatin ya kasance da rai.

Hanya ta uku ita ce ƙulli kai tsaye. Ana rubuta adireshin fitilar a cikin ƙwaƙwalwar makunnin tun ranar haɗawa, daga nan makunni ya riƙa yi wa fitila magana ba ɗan aike. Uwar garke, idan tana nan, tana jin labari ne kawai bayan an gama.

Lissafin a bayyane yake: kowane zango da saƙo zai yada wuri ne da tafiya za ta iya yankewa. Hanya ta farko na da aƙalla biyar, ta biyu na da ɗaya a tsakiya, ta uku ba ta da ko ɗaya.

Kamfanonin da suka kashe kayan da suka sayar

Insteon ba shi ne na farko ba. A 2014 kamfanin Nest, mallakar Google a lokacin, ya sayi kamfanin Revolv mai sayar da akwatin sarrafa gida a kan kimanin dala 300. A ranar 15 ga Mayun 2016 aka kashe uwar garkensa, akwatunan suka zama kayan ado. Bayan ƙorafi ya yi yawa kamfanin ya mayar wa masu saye kuɗinsu. Kantin Lowe's na Amurka ya rufe tsarinsa na Iris a ƙarshen Maris 2019. A Mayun 2020 kamfanin Wink ya sanar da masu akwatinsa, waɗanda suka saya bisa fahimtar babu kuɗin wata, cewa ko su fara biyan dala 4.99 kowane wata ko akasarin ayyukan akwatin su tsaya, ya kuma ba su wa'adin mako guda kafin daga baya ya ɗaga. Osram na Jamus ya kashe uwar garken fitilunsa na Lightify a ƙarshen Agustan 2021. A Yulin 2025 Belkin ya sanar da cewa zai daina tallafa wa akasarin kayansa na Wemo daga 31 ga Janairun 2026.

Ba sai kamfani ya rufe ba ma. A ranar 20 ga Oktoban 2025 wata matsala a cibiyar kwamfutocin Amazon da ke arewacin jihar Bajiniya ta tsayar da ayyuka masu yawa na sa'o'i a faɗin duniya, ciki har da Alexa da kyamarorin ƙofa na Ring. Gidajen da kunna fitilarsu ya rataya a kan umarnin baki sun ɗanɗana kuɗarsu.

Yadda ƙulli kai tsaye ke aiki

Tunanin ba sabo ba ne. Tsarin KNX, wanda ƙungiyarsa ta kafu a birnin Brussels a 1999 daga haɗewar tsare-tsaren Turai uku, an gina shi ne ba tare da shugaba a tsakiya ba: kowane makunni da kowace fitila na riƙe da lambar rukuninsu, suna magana ta waya guda da ta zagaye gini. Tsare-tsaren rediyo sun ɗauki wannan darasi, kowanne da salonsa.

Zigbee shi ne mafi yaɗuwa a fitilu. Yana aiki a zangon gigahaz 2.4, yana da tashoshi 16, saurinsa kilobit 250 a daƙiƙa, wanda ya yi kaɗan ga hoto amma ya ishi "kunna" da "kashe". Na'urorinsa kashi uku ne. Akwai madugu guda ɗaya, wanda ke kafa rukunin yana karɓar sababbin shiga, kuma shi ne ake maƙalawa a jikin uwar garke. Akwai masu miƙa saƙo, wato akasarin na'urorin da ke jone da wuta kullum, kamar ƙwai da soket. Akwai kuma masu batir, irin su rimot, waɗanda ke barci sai an taɓa su. Saƙo na tsallakawa daga wannan na'ura zuwa waccan kamar saƙar raga, idan hanya ɗaya ta toshe ya nemi wata. Idan aka ƙulla rimot da ƙwai, ko da rukunin ƙwayaye, madugu na iya mutuwa rimot ya ci gaba da aiki. Fitilun Philips Hue, da suka fito a 2012, da na IKEA masu suna Trådfri, da suka biyo baya, duk Zigbee ne, kuma dukansu suna da rimot da ake iya haɗawa da ƙwayaye har goma ba tare da an sayi akwatin tsakiya ba.

Akwai sharuɗɗa biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, ba kowane maɓallin Zigbee ne ya iya ƙulli ba. Da yawa daga cikin masu araha rahoto kawai suka iya kai wa madugu. Na biyu, rimot mai batir yana rataye ne da na'ura guda mai wuta wadda ke karɓar masa saƙo. Idan madugu ne wannan na'ura, to ranar da ya mutu sai rimot ya nemi wani majingini, kuma ba duka ne suka iya yin haka da sauri ba.

Z-Wave, wanda kamfanin Zensys na ƙasar Denmak ya ƙirƙira, yana aiki a ƙasa da gigahaz ɗaya, kusan megahaz 868 a Turai da 908 a Amurka, don haka ba ya cin karo da Wi-Fi, kuma kayan yanki ɗaya ba sa jin yaren na ɗaya yankin. Rukuni guda na ɗaukar na'ura 232. A nan kowace na'ura na da jerin ƙungiyoyi masu lamba: ta ɗaya an keɓe ta don kai rahoto ga akwatin tsakiya, sauran kuwa ana saka musu adireshin fitilun da ake so makunnin ya sarrafa da kansa.

Thread da Matter su ne sababbin shiga. Thread hanyar rediyo ce mai kama da Zigbee, amma an tsara ta yadda babu madugu na dindindin. Idan na'urar da ke jagoranci ta faɗi, sauran su zaɓi wata a tsakaninsu ba tare da sa hannun mutum ba. Matter kuwa, wanda aka fitar da sigarsa ta farko a Oktoban 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, yare ne na bai-ɗaya da aka gina don ya yi aiki a cikin gida ba sai da intanet ba, kuma yana ba na'ura guda damar karɓar umarni daga akwatunan kamfanoni daban-daban a lokaci guda. Ƙulli kai tsaye na cikin ƙa'idojinsa, amma samunsa a takarda daban, samun manhajar da za ta ba mai gida damar saita shi daban. Tambarin Matter a kwali bai wadatar a matsayin shaida ba.

Akwai kuma tsare-tsaren kamfani ɗaya da suka yi suna a wannan fage. Lutron na Amurka yana da ƙaramin rimot mai suna Pico da ake haɗawa kai tsaye da makunnin bango, batirinsa kan kai kimanin shekara goma. EnOcean na Jamus kuwa yana yin makunnai marasa batir gaba ɗaya: ƙarfin dannawar yatsa ne ke samar da 'yar wutar da ta isa tura saƙo ɗaya.

Abin da ke rayuwa da abin da ke tsayawa

Ƙulli kai tsaye ba ya maye gurbin uwar garke. Abin da yake karewa shi ne aikin asali: kunnawa, kashewa, ƙara haske da rage shi, wani lokaci da sauya launi. Abin da ke buƙatar tunani yana tsayawa idan ta tsaya: lissafin faɗuwar rana, sharaɗin "idan babu kowa a gida", sarrafawa daga nesa, umarnin baki, da shigar da sabuwar na'ura cikin rukuni. Masu tsara irin waɗannan gidaje da kyau sukan raba aikin gida biyu. Duk abin da rashinsa zai sa mutum ya yi tuntuɓe cikin duhu, kamar fitilar matakala, banɗaki, ɗakin girki da ɗakin tsoho ko marar lafiya, a ɗora shi a kan ƙulli ko waya. Duk abin da rashinsa ɗan rashin jin daɗi ne kawai, a bar wa uwar garke.

A ƙwai za a saka basirar ko a bango

Wannan zaɓi ne ke yanke hukuncin yadda gida zai kasance ranar matsala. Ƙwan fitila mai rediyo a cikinsa yana buƙatar wuta dare da rana don ya ji kira. Idan wani ya kashe tsohon makunnin bango, ƙwan ya kurmance, kuma idan yana cikin masu miƙa saƙo, ragar ta yage a wurin. Shi ya sa wasu ke rufe tsohon makunni su manna rimot a kansa.

Ɗaya hanyar ita ce a bar ƙwai na gargajiya a saka ƙaramar na'ura a bayan makunnin bango, irin waɗanda kamfanin Shelly na ƙasar Bulgeriya da wasunsa ke yi. A nan makunni na yanke wuta ko sakinta a zahiri, rediyo ƙari ne kawai. Ko intanet da uwar garke da Wi-Fi duk sun mutu, bango na aiki. Wannan ita ce hanya mafi juriya. Sai dai tana da tarko: irin waɗannan na'urori suna da wani saiti da ke raba makunnin da wutar, ya mayar da shi maɓallin aika saƙo kawai, don ƙwai mai rediyo ya samu wuta kullum. Wanda ya zaɓi wannan saiti ba tare da ƙulli kai tsaye ba ya mayar da makunninsa bawan uwar garke. Haka kuma yawancinsu na buƙatar wayar da masu gyaran wuta ke kira nutural, wadda a gidaje da yawa ba a kawo ta cikin ramin makunni ba. Aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba na gwaji ba.

Inda wuta da intanet ba su da tabbas

An tsara akasarin waɗannan kaya ne don ƙasashen da yankewar intanet labari ne. A Najeriya da Nijar kuwa uwar garke ba sai ta mutu ba, hanyar zuwa gare ta ce ke yankewa, wani lokaci da umarnin hukuma. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni, matakin ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar an katse intanet na wayar salula na kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala. Fitilar da ke neman izini daga wata nahiya tana cikin abubuwan da irin waɗannan ranaku ke kashewa.

Ɗaukewar wuta na da nata darussa uku. Na farko, ƙwayaye masu rediyo da yawa an saita su su kama da cikakken haske duk lokacin da wuta ta dawo, wanda ke nufin ɗakin kwana zai haskaka da ƙarfe uku na dare. Masu inganci suna ba da damar a zaɓi su koma yadda suke kafin a ɗauke. Na biyu, idan aka kawo wuta ko aka juya zuwa janareta, ƙwai na farkawa cikin daƙiƙa kaɗan, amma na'urar intanet da uwar garke sukan ɗauki mintuna. A wannan tsakani ƙulli ne kaɗai ke aiki. Na uku, kowane ƙwai na shan wuta ko a kashe yake. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wannan a rabin wat, amma ƙwai ashirin na iya kaiwa wat goma dare da rana, wato wat-awa 240 a yini, abin da mai sola da batir zai so ya saka a lissafi. A kuma lura cewa wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 230 ne, kayan da aka yi don bolt 120 na Amurka ba su dace da ita ba.

Abin da doka ta ce

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan ta mallaka ce: wanda ya biya kuɗin na'ura, amma wani na iya kashe ta daga nesa, saye ya yi ko haya? Dokoki sun fara taɓa gefen batun. A Birtaniya, dokar tsaron kayayyakin da ke haɗe da intanet, wadda ta fara aiki a 29 ga Afrilun 2024, ta wajabta wa kamfani ya bayyana mafi ƙarancin lokacin da zai riƙa aiko da gyaran tsaro. Dokar Tarayyar Turai kan juriyar kayan dijital ga kutse, wadda ta fara aiki a Disamban 2024 kuma manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni a Disamban 2027, ta sanya shekara biyar a matsayin ma'auni ga akasarin kaya. A Amurka, wani bincike da ma'aikatan hukumar kula da kasuwanci ta FTC suka fitar a Nuwamban 2024 ya duba kaya 184, ya gano kusan kashi 89 cikin ɗari ba su faɗi a shafukansu tsawon lokacin da za a tallafa musu ba.

Waɗannan dokoki sun fi mayar da hankali kan gyaran tsaro da sanar da mai saye. Kamfanin da ya karye kuwa ba shi da kuɗin riƙe uwar garke ko da doka ta ce ya riƙe. Kariya ta ainihi tana cikin yadda aka ƙera na'urar: ko za ta iya aiki ba tare da wanda ya ƙera ta ba.

Gwajin da kowa zai iya yi

Kafin saye, tambayoyi huɗu sun isa. Shin na'urar na aiki ba tare da an buɗe asusu a wurin kamfani ba? Shin tana magana da yaren da kamfanoni da yawa suka yi tarayya a kansa, kamar Zigbee ko Z-Wave ko Matter, ta yadda wani akwati zai iya karɓarta idan na farko ya mutu? Shin makunnin ya iya ƙulli kai tsaye da fitila? Shin ana iya zaɓar abin da za ta yi idan wuta ta dawo?

Bayan haɗawa kuwa, gwajin matakai uku ne, kuma da rana ake yin sa. A cire intanet, a zagaya gida ana danna kowane makunni. A kashe uwar garke da madugunta, a sake zagayawa. A kashe Wi-Fi gaba ɗaya, a zagaya karo na uku. Duk fitilar da ta ƙi kamawa a rubuta ta, a kuma tambayi kai ko iyali za su iya kwana ba ita. Ya fi kyau wanda zai yi zagayen ya zama ba wanda ya haɗa tsarin ba, a ba yaro ko baƙo, domin su ne za su tsaya gaban makunnin ranar da mai gida ya yi tafiya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A sha'anin fitila, guntun gatarin shi ne makunnin da ke jikin bango, wanda ke kawo haske ko da ba a san inda kamfanin da ya yi shi ya shiga ba.